Tallar Turare a Ɗakin Soro

Ana shirin kiran magariba a Madabo, Mero na tsakar gida tana tankaɗe, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗauka 'yan maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo a gabanta, da ta taɓa shi sai ta ji shi da ɗumi. Ta dubi inda ya fito, ba daga waje ba ne, daga soron ƙuryar gida ne, wanda aka kulle tun rasuwar surukinta.

Mero ba yarinya ba ce. Ta san 'yarta Zaituna ta buɗe ɗakin nan kwana uku da suka wuce. Shekara uku Zaituna na aiki a wani kamfanin tallata kaya a intanet, ta fita da sassafe ta dawo a galabaice, wayarta ba ta yin shiru ko ranar Juma'a, amma waɗanda ta koya wa aiki duk sun wuce ta. Da manajansu Nazeer ya ce wanda bidiyonsa ya fi samun masu kallo shi zai riƙe sashe, sai ta shiga soron da almuru, wai hasken lokacin ya fi kyau. Ta kunna turaren wutar da suke talla, ta ɗauki hayaƙin yana bin tsohon gini, ko bisimilla babu. Bidiyon ya zagaye gari.

Jifa ya ci gaba, kullum daidai wannan lokaci. Sannan aka fara jin ƙus-ƙus a bayan bango. Zaituna ta daina cin abinci. Ranar Laraba ta dawo daga ofis tun da rana tsaka, ta yanke jiki ta faɗi a zaure, da ta buɗe baki muryar tsohuwa ce ta fito.

Mero ta tafi Gwale da ƙafarta, mayafi a karkace, ta durƙusa gaban Malam Gwadabe mai ruƙiyya. Bayan la'asar ya zo. Ya daɗe yana karatu kafin ya tambayi mai maganar ko wace ce.

"Mun riga ku zama a gidan nan," in ji muryar. "Ta kunna mana turare, muka ɗauka karramawa ce, muka fito. Sai ta nuna ɗakinmu ga duniya. Yanzu idon mutane a kanmu yake, ba mu da sutura."

Aljanar ta ce za ta riƙe yarinyar a madadin ɗakin. Malam ya ƙi, ya koma karatu har jikin Zaituna ya riƙa karkarwa. A ƙarshe aka tsaya a kan a cire bidiyon daga inda aka fara sa shi kafin rana ta faɗi, a mayar da kwaɗo a ƙofar soron.

Mero ta kira Nazeer. Ya yi mata sannu cikin ladabi, ya ce akwai yarjejeniya da mai kaya, kuma ranar Litinin za a sanar da ƙarin girman Zaituna, a ɗan yi haƙuri. Mero ta kashe wayar yana cikin magana.

Malam ya sa aljanar ta saki yarinyar na ɗan lokaci, tunda ita ke da damar shiga shafin kamfanin. Zaituna ta farfaɗo, ta ji abin da ake so, hawaye suka zubo.

"Inna, shekara uku fa. Korata za su yi."

"Su kore ki da hankalinki. Goge."

Inuwa ta riga ta cinye tsakar gida. Zaituna ta danna. Ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da safe takardar sallama ta shigo wayarta. Ta karanta, ta kife wayar, ba ta dubi uwarta ba. Mero ta tura mata kwanon koko, ta zauna a gabanta ba tare da ta ba ta haƙuri ba, har sai da ta ga ta shanye shi duka.