Butar Shayin Umma a Bakin Titi

Ranar da ya fara ganinta, tana durƙushe a tsakiyar ɗakin ɗaukar hoto tana goge wata tsohuwar fitilar ƙwai. Shi kuwa kamfanin fentin da yake wa aiki ne ya turo shi da gwangwani shida. Shi ke haɗa launi, shi kuma zai tabbatar shuɗin da ke bango shi ya fito a hoto.

Ita aikinta shirya kayan da za a ɗauka. Kamfanin na son talla mai nuna sabon fenti a bayan tsofaffin kaya, don haka ta tara kujera mai gurguwar ƙafa, da agogon bango da ya daina tafiya, da akwatin ƙarfe duk tsatsa.

Ya dubi akwatin ya ce, "Baiwar Allah, ba ni minti goma in mayar miki da wannan sabo."

"Ka taɓa shi da buroshi mu ɓata," ta ce. "Kwana uku na yi ina yawon kasuwa kafin in samo tsatsar nan."

Da ta ɗago suka haɗa ido, sai ya manta gwangwanin da ke hannunsa a buɗe yake, har ya ɗiga masa a takalmi. Ta yi dariya ta miƙo masa tsumma.

Daga ranar ya sa mata suna 'Yar Gwanjo, ita kuma take kiransa Malam Launi. Aikin da zai ci mako guda, shi ya yi ta samo dalilin dawowa: yau hasken ya cinye shuɗin, gobe ruwan ƙwan ya yi duhu.

Wata safiya ya tura mata saƙo: "'Yar Gwanjo, tunda tsofaffi kike so, ki yi haƙuri da ni shekara arba'in, zan zama irin zaɓinki."

Ta amsa: "Malam Launi, ba na sayen kaya sai na duba lafiyarsu. Ka zo Abba ya gan ka."

Ya je, Abbanta ya yaba da natsuwarsa. Ita ma ta gaida Ummansa sau biyu, tsohuwar ta karɓe ta hannu bibbiyu.

Saura hoto ɗaya, babban da za a manna a allunan titi, amma duk abin da ta jera sai ta ce ba shi da rai. "Ina son kayan da mutum ya rayu da su," ta ce masa.

Washegari ya zo da rediyon marigayi mahaifinsa, da dutsen guga na gawayi, da farar butar shayi mai tabo a baki. Ya ce da Umma aro zai kai wurin aiki, ita ba ta tambaya ba, shi kuma bai yi bayani ba.

Hoton ya yi kyau har mai kyamara ya daɗe yana kallonsa. A ƙasansa ta rubuta: "Gidan da ya riƙe ka, ka kyautata masa."

Bayan mako biyu Umma na dawowa daga asibiti da maƙwabciyarta, motar da suka shiga ta tsaya a danja. Maƙwabciyar ta nuna sama. "Ashe wannan ba butarki ba ce? Ga tabon ma."

Butarta ce, ta kai girman mutum, ga rediyon mijinta a gefe. Rubutun da ke ƙasa kuwa ya canza: "Kin gaji da tarkace? Zubar da tsoho, shafa sabo."

Da ya dawo gida ya tarar da ita zaune, ba ta ko cire mayafi ba.

"Shekara talatin ina rufa wa gidan nan asiri," ta ce a hankali. "Yau an rataye shi a bakin titi an kira shi tarkace. Yarinyar da ta ga kayan mahaifinka a haka, ba za ta shigo min gida ba. Ka bar maganar aurenta."

Ransa a ɓace ya rubuta wa 'Yar Gwanjo: "Na ba ki amana kin mayar da mahaifiyata abin dariya."

Sai bayan awa guda ta amsa: "Ba rubutuna ba ne, yanzu na je na gani da idona. Amma ka gaya min gaskiya, Umma ta san inda za a kai kayanta?"

Ya rubuta: "Ba ta sani ba."

"To laifin namu ne mu biyu. Ka bar min nawa kason."

Da safe ta tsaya gaban manajan talla, wanda shi ya sauya kalaman don a cewarsa sun fi jan ciniki. Ta ce masa mai kayan ba ta ba da izini ba, in ba a sauke allon ba ita ta ajiye aikin, tallan gaba a nemi wani. Shi ma Malam Launi ya shigo ya tsaya a gefenta. Manajan ya yi ta faɗa, amma cikin kwana uku aka sauke.

Sannan ta roƙi yayarta ta raka ta wurin Umma. Ta shiga da kayan a naɗe cikin sabon ƙyalle, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Umma, na zo neman gafara. Ya kamata in tambaye ki da bakina kafin in taɓa kayanki."

Yarinyar ta ajiye hoton farko a gabanta, mai ɗauke da ainihin rubutun. Tsohuwar ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Umma."

"Me kika gani a buta mai tabo?"

"Hannun butar na duba. Ya goge ya yi santsi daidai inda babban yatsa ke zama. Na ce wadda ta riƙe butar nan ta shayar da mutane da yawa."

Umma ta shafa hoton. Can ta ce, "Rediyon nan kin aza shi ba daidai ba. Mai shi karkata shi yake yi wajen taga, in ba haka ba ba ya kama tasha."

Yayar ta saki ajiyar zuciya har aka ji. Umma ta ɗaga murya wajen ƙofa. "Kai mai laɓe, shigo. Ita ta san kunya ta zo da ƙafarta. Kai da ka kwashi kayan uwarka kamar ɓera, da kai zan yi shari'a."

Ya shigo yana sosa ƙeya. Ya sha faɗa son ranta, amma tunda yake bai taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Suna fita ya tura mata saƙo, alhali tana tafe a gabansa: "Kwana huɗu ban ci abincin kirki ba, Rabin Raina."

Ta rubuta: "Ni ma. Gobe ka kawo manyanka kafin ka sake yin wata ɓarnar."

Aka sake ɗaukar hoton da izinin Umma, rediyo na fuskantar taga. Har ta sa aka kai ta ta gani a allo, ta ce da direban ya rage gudu.

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure. Da aka watse, Umma ta kira su ɗakinta, ta kama hannun amarya ta sa cikin na ɗanta.

"Ga shi nan, 'yata. Yana da kirki, sai dai ba ya faɗin magana har ƙarshenta. Ki riƙa tambayarsa sau biyu. Allah ya sanya albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ku tsufa tare."

Suka amsa da amin, kai a sunkuye, kowa na ɓoye murmushinsa.