Kujerar Sylvia

Ranar wata Alhamis da rana, cikin Oktoban 1948, ana yayyafi, Muriel Ackroyd ta fara ganinsa ta tagar sayar da tikiti a sinimar unguwarsu da ke Halifax ta ƙasar Ingila, inda take aiki. Dogo ne, sanye da kwat ɗin nan da ake ba duk sojan da aka sallama, hannun kwat ɗin ya ɗage masa.

"Tikiti biyu," ya ce. "Budurwata na hanya."

Idonsa ya sauka kan zoben alkawarin aure da ke yatsarta, ya yi saurin kau da kai.

Fim ɗin ranar na barkwanci ne, mace da namiji kowa na shirga wa ɗan'uwansa ƙarya har so ya kama su. Muriel dai dariyar mutane kawai take ji ta bango, tana zaune ita da shayin da ya huce.

Da aka tashi ya ajiye mata ƙunshin alewa.

"Sylvia ba ta samu zuwa ba. Ni kuma ba na shan zaƙi."

Lokacin kuwa sai da katin rabon abinci na gwamnati ake samun alewa, ita ma ɗan abin da bai cika tafin hannu ba.

Stanley ne sunansa, a shagon takalma yake aiki, ranar Alhamis suke aikin rabin yini. Kowane mako tikiti biyu, kowane mako Sylvia da sabon uzuri: yau mura, gobe innarta. Muriel ta tsani yarinyar nan da ba ta taɓa gani ba, tsana ta gaske.

"Mai zoben fa?" ya tambaye ta wata rana.

"Harold? Yana jirgin ruwa. Ya kusa dawowa."

Shekara biyar kenan da nutsewar jirgin Harold. Ta saba faɗin haka ne don kada a dame ta, amma ranar sai da maganar ta yi mata ɗaci a baki.

Mahaifinta shi ke haska fim a ɗan ɗakin sama. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gida, suna cin dankalinsu shiru.

"Ki daina karɓar alewar mutumin nan," ya ce. "Maƙaryaci ne."

"Wace ƙarya ya yi, Baba?"

Ya ci gaba da cin abincinsa.

Cikin Fabrairu Stanley ya karɓi tikitinsa biyu, ya yi rubutu a bayan ɗaya, ya tura mata, ya shige.

"Muriel, ranar Litinin zan hau jirgin Ostireliya. Ba abin da ya rage mini a garin nan sai Alhamis, ita ma ba tawa ba ce. Allah ya dawo miki da Harold lafiya. Stanley."

Tana cikin kuka mahaifinta ya leƙo neman shayi. Ya karanta rubutun da ke bayan tikitin.

"Zo mu hau sama."

Ya nuna mata 'yar kafar da yake leƙen 'yan kallo. Ga Stanley can a layi na tara, kowa na dariya ban da shi. A kujerar gefensa hularsa ce, ya ɗora ta kan jiƙaƙƙen kwat.

"Ga Sylvia nan," in ji tsohon. "Wata huɗu ina kallonta. Tun makon farko na gane, tsoron zaman gida babu ke ya rufe mini baki. Je ki, 'yata."

Ta sauka a guje, ta bi duhu tana taka ƙafafun mutane. Ta ɗauke hular, ta zauna.

"Sylvia ba za ta ji haushi ba ko?"

Stanley ya sunkuyar da kai. "Babu wata Sylvia. Kunya nake ji in ce tikiti ɗaya. Da na ga zobenki kuma sai na kasa janyewa."

"Harold ma ba zai dawo ba. Tun ana yaƙi ya rasu."

"Muriel..."

"Ni dai kar ka hau jirgin nan, Stan."

"Ku yi mana shiru mana," in ji wata tsohuwa a bayansu. "Wasu kallo suka zo."

Ya kama hannunta, bai saki ba har aka kunna fitilu.

A watan Yuni aka ɗaura aure a cocin unguwa. Kek ɗin biki hawa uku ne, fari sol, sai da aka zo yankawa aka ɗage shi sama, ashe kwali ne aka yi wa ado, na gasken ɗan mitsitsi yana ƙasa, don sukari ya yi wuya.

"Wannan ce ƙarya ta ƙarshe a gidanmu, 'yar tagata," Stanley ya raɗa mata.

Tsoho Ackroyd ya miƙe da kofi a hannu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ɗakin sama na gidana naku ne, in kuna so."

Suka ce suna so.

Alhamis ta gaba tsohon ya leƙa ta 'yar kafarsa, ya nemi layi na tara. Hular tana kan cinyar Muriel.