Minti Uku na Kawu Tsinke

Da hantsi wani furodusa ya faɗo ofishin Sufeto ko sallama babu, ya dangwara waya a kan tebur.

"Yallaɓai, an kashe ni! Fim ɗina ko fitowa bai yi ba, ga shi yana yawo a intanet."

Sufeto ya duba. Bidiyo ne na minti uku, irin wanda masoya fim ke haɗawa. An tsinto wuraren da Kawu Tsinke ya fito, an jera, an ɗora kiɗa mai sanyi. Kawu Tsinke ɗan wasan barkwanci ne da ya rasu wata biyu baya, wannan kuma shi ne fim ɗinsa na ƙarshe. Tun Sufeto yana kurtu yake shan dariya a wasanninsa.

"A ina fim ɗin yake?"

"A kwamfutar edita kaɗai. Gidan talabijin sun fasa saye. Wallahi sai an ɗaure shi!"

Aka kawo edita, dattijo mai tabarau. Tun ba a tambaye shi ba ya ce, "Ni na kwafa, ni na ɗora."

Sufeto bai saba ganin mai laifi yana gaggawar shiga gidan yari ba. Sai ya kunna masa bidiyon. Ba a yi nisa ba dattijon ya yamutsa fuska.

"Kai! Wa ke yanke mutum yana tsakiyar magana? Wannan ai aikin ɗan koyo..." Sai ya kama bakinsa.

"Baba, wa kake rufa wa asiri?"

"Na ce ni ne."

Haka aka kai shi bayan kanta, gobe kotu. Abin ya tsaya wa Sufeto a rai, don ya san marar laifi ya kulle.

Ya sake kallon bidiyon har ƙarshe. Can aka ji darakta ya ce a tsaya, Kawu Tsinke ya waiwaya gefe ya ce, "Auta, kin kawo min maganin?" Wannan ba ya cikin wasa. Da masoyin fim ne ya haɗa, da shi zai fara zubarwa.

Autar Kawu Tsinke tela ce. Sufeto ya same ta a shago tana taka keke.

"Ni da ko kunna kwamfuta ban iya ba," ta ce, ba ta ɗago ba.

"To shi ke nan. Gobe za a kai edita gaban alƙali, ya ce shi ne."

Keken ya tsaya.

"Ku sake shi, don Allah. Roƙonsa na yi ya nuna min Babana a fim ɗin. Da na fara kuka ya fita ya ba ni wuri, ni kuma na kwafa a filashi. A wayata na haɗa. Ko sisi ban karɓa ba, Yallaɓai. Fuskar ubana ce fa!"

"Fuskar ubanki ce, amma fim ɗin na furodusa ne. Wanda ya kwafa ba izini ya yi laifi, ko ya sayar ko bai sayar ba."

Shi kansa maganar ɗaci ta yi masa. Ya koma gefe ya kira furodusa, ya roƙe shi ya janye ƙara. Mutumin ya kashe waya tun bai kai ƙarshe ba.

Auta ta rufe keken da zane, ta miƙa wa Sufeto wayarta da filashin. A bakin mota ta tsaya.

"Yallaɓai, in za ku goge, a bar min inda ya kira ni. Ko daƙiƙa biyar bai kai ba."

Sufeto ya buɗe mata ƙofa. Wannan ma ba a hannunsa yake ba, amma ya kasa gaya mata.