Hotunan Asta da Jinin Hambali

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka kira Insfekta Abdulmumini Jalo, aka ce ya hanzarta zuwa layin masu gyaran waya na Gwarzo, an kashe mutum.

Ya tarar da Hambali mai gyara kwance rub da ciki a bayan kanta. An farfasa masa ƙeya da guduma, jini ya fantsama har jikin gilashin da ake jera wayoyi. Yatsunsa biyu sun karye wajen kare kai. Wayoyin mutane na nan, ba a ɗauki ko ɗaya ba. Kwamfutar shagon ce aka ɓalle, aka zare ma'ajiyar bayanan da ke cikinta.

Wani ɗan kallo ya kai hannu kan wayar mamacin, Insfekta ya daka masa tsawa. Ya sa safar hannu, ya katse mata sabis don kada a goge ta daga nesa, ya liƙe ta a ambulan, ya sa hannu, Kofur Zulaiha ma ta sa. Haka ya yi wa 'yar na'urar wayfay mai ba shagon intanet, da ke maƙale a bango. Ya taɓa ganin shari'ar kisa ta rushe a idonsa don lauya ya tambayi hannun wa da wa waya ta bi, aka rasa amsa.

Can sai ga Zailani, abokin sana'ar Hambali, yana kuka yana dafe kai. Ya ce tun safe yana Kabo wajen kai aiki, a hanya ya ji labari. Tun kafin a tambaye shi wa yake zargi ya ambaci Sajo, wani manomi a Gammo, wanda ya rantse a gaban mutane sai ya ga bayan Hambali.

A Gammo suka sami Sajo a zaure yana wasa lauje. Ya ce shi rabonsa da Gwarzo an kwana biyu. Insfekta ya dubi bayan hannunsa da ya kumbura ya dare.

"Wannan fa?"

"Tushiyar dawa ce, ranka ya daɗe."

"Yaya, faɗa musu gaskiya," in ji wata murya daga cikin gida.

Ƙanwarsa ce Asta. Zulaiha ta shiga wurinta, ta fito fuska a ɗaure. Ashe Asta ta kai wayarta shagon Hambali a canza mata gilashi, aka nemi lambar sirri ta bayar. Ba a jima ba hotunan da ta ɗauka don mijinta da ke aiki a Kudu suka fara yawo a wayoyin samari, daga Gammo har Masanawa. Tun daga lokacin ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba.

Sai Sajo ya sauke kai. Ya ce ya je shagon yau da hantsi, ya naushi Hambali har haƙori ya fita. Amma Hambali, baki duk jini, ya rantse ba shi ne ya fitar da hotunan ba. Ya ce kwamfutar tana riƙe da wanda ya kwafi hotunan da lokacin da ya kwafa, kuma ana idar da salla zai kai ta wurin 'yan sanda da kansa.

"Wa ya ji ya faɗi haka?"

"Abokin nan nasa. Ai shi ya raba mu."

Insfekta ya dubi Zulaiha. Mutumin da ke Kabo tun safe ba zai raba faɗa a Gwarzo da hantsi ba.

Zulaiha ta so su damƙe Zailani a ranar su buɗe wayarsa. Insfekta ya hana. Sai da ya samo umarnin kotu, ya kai ambulan ɗin Kano da hannunsa, ƙwararru suka kwafi abin da ke ciki ba tare da sun taɓa na asali ba. Na'urar wayfay ta nuna wayar Zailani ta haɗu da ita daidai lokacin huɗuba, sa'adda layin ya zama wayam.

Suka sami Zailani a shagon yana tattara kaya. Insfekta ya nuna masa umarnin, ya ce ya miƙo wayarsa. Zailani ya yi murmushi, ya sa hannu a durowa kamar zai ɗauko ta, sai ya fizgo sukundireba ya caka wa Insfekta a damtse. Zafin ya ratsa shi har wuya, amma ya riƙe hannun ya murɗe sai da ya ji ƙara. Zulaiha ta kwaɗa wa Zailani kulki a gwiwa, ya zube cikin fasassun gilasai yana ihu.

Nan a ƙasa, ankwa a hannu, ya fara magana. Ya ce ya daɗe yana kwashe hotunan matan da suka kawo gyara, don nishaɗi kawai, yana tura wa wasu abokai, ɗayansu ne ya watsa na Asta. Ma'ajiyar kuwa tana cikin wata tsohuwar rijiya a Unguwar Tudu.

"Na roƙe shi ya rufa min asiri," in ji shi. "Ya ce matan fa, wa ya rufa musu? Ya juya zai ɗauki kwamfutar, guduma na kan tebur."

Kafin su fito layin ya cika. Dutse ya fasa wa Zailani gira, wani ya kawo masa sara da gora, Zulaiha ta tare. Wani dattijo ya sha gaban Insfekta, ya ce matarsa da 'ya'yansa duk a nan suke gyara, a gaya musu hotunan su wa ke cikin wayar Zailani. Maza da yawa suka matso, kowa ya kasa kunne.

Insfekta ya dube su, jini na ɗiga daga hannun rigarsa.

"Baba, alƙali kaɗai zai gani. Ba wanda zai ji sunan mace ko ɗaya daga bakina."

Ya tura Zailani cikin mota ya ja ƙofa.