Shuɗin Idon Froso

"Na ce ba za a sa ranar nan yau ba! Ko kurma ne kai?"

"Haba Mana, an riga an gaya wa mutane. Kifin da za a gasa ma yana cikin ƙanƙara."

"To kifin ya aure ka! Tun ranar da ka sa wa yarinyar nan zobe kaina bai daina sara ba. Ɗoɗɗoyata ta bushe a tukunya, tarunka ya yage, injin jirginka sai tari yake kamar tsohon mashayin taba. Duk wannan haka kawai ne?"

"Injin nan ya girme ni, Mana. In kuma kambun ido kike zargi, ga Kalliopi can bakin tasha, ki je ta cire miki mana."

"In taka gidan Kalliopi? Matar da ta ce a gaban coci wai miyata ruwan wanki ce? Gara kan ya fashe!"

Duk wannan musun na Stamatis da uwarsa Kira Marigo, wadda yake kira Mana, wato Mama, a kunnen Froso ake yi. Tana tsaye a ƙofar gidan da farantin burodi mai riɗi, da zafinsa ta ɗauko daga tandar da take aiki don ta gaishe da surukarta ta gobe. Laifinta ɗaya ne a duniya, kuma da shi aka haife ta: idanunta shuɗaye ne kamar ruwan bayan tsibiri. A garinmu kuwa kowa ya san abin da ake cewa game da mai shuɗin ido. Ko yabon jaririnka ta yi, ka shirya kwana kana jijjiga.

Ta yi gyaran murya ta shiga. "Ina kwana Kira Marigo? Ya ƙarfin jiki?"

Kira Marigo ta damƙe shuɗin dutsen da ke wuyanta, ta ja bakin rigarta ta tofa a ciki, tuf, tuf, tuf. "Da sauƙi, kafin ki shigo. Ajiye nan. Kada ki kalli kajina!"

Froso ta ajiye farantin, ta sa idonta a ƙasa kamar yadda ta saba yi tun baikonsu. Yarinya ce da babu muryar da ba ta iya kwaikwayo a garin, daga ta limamin coci har ta jakin mai kawo ruwa, amma a gidan nan ba ta taɓa mayar da magana ba. Stamatis ya rako ta waje yana sosa ƙeya.

"Sori Froso. Ki ƙara haƙuri zuwa yamma. Ku zo ke da innarki Thia kamar yadda aka shirya, komai zai daidaita."

"Ta yaya? Idon zan canza? To mu haɗu da rana a bakin ruwa mu yi magana."

"Da rana... ina da gyaran taru."

Ya faɗa yana kallon jirgin fito da ke shigowa, yana kallon kyanwa a kan katanga, yana kallon komai ban da ita. Wato shi ma ya fara tsoron idon?

Ta koma tanda. Thia Vangelio, ƙanwar mahaifiyarta wadda ta rene ta, tana murza ƙulli, kuma tun kafin Froso ta ɗaura ƙyallen aiki ta tatse labarin kaf.

"Gyaran taru?" Thia ta karkace baki. "A ɗakin Kalliopi ake gyaran taru yanzu?"

"Thia! Me kike nufi?"

"Ni ban ce komai ba. Mai sayar da tikitin jirgi ce ta ce matar mai gahawa ta ce kullum da ƙailula, in gari ya rufe taga, sai a ga wani dogo yana raɓe-raɓe ta bayan kwale-kwale. Mijin Kalliopi dai teku ta ci shi. Baƙaƙen kayan nan da take sawa kuwa, ni ban ga sun rage mata kyau ba."

"Ƙarya ne. Stamatis ba zai yi haka ba."

"Haka na ce game da kawunki, Allah ya jiƙansa, har ranar da na tsinci ɗankunne a aljihunsa."

Burodi biyu Froso ta ƙona a safiyar nan. Duk wanda ya shigo ya yi mata murmushi sai ta ga kamar ya san wani abu. Mai gahawa ya ce, "Amarya, yau ce ranar ko?" Ta bi shi da harara har ya manta canjinsa a kan tebur.

Rana ta take. Shaguna suka rufe, tagogi suka rufe, ba ka jin komai sai kukan gyare da ruwa yana marin gefen jirage. Froso ta zare takalmanta ta riƙe a hannu, ta bi bakin tasha, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar da aka shanya kifin nan mai ƙafa takwas, ta laɓe bayan wani tsohon kwale-kwale da aka kife daura da gidan Kalliopi.

Ba ta daɗe ba sai ga shi. Ya dubi dama, ya dubi hagu, da wata kwalba a naɗe cikin takarda a hammatarsa. Bai ko ƙwanƙwasa ba aka buɗe masa. Har da tsaraba! Ita tun baiko me ya taɓa kawo mata ban da kifi?

Ta leƙa ta saman kwale-kwalen. Taga a buɗe take kaɗan. Ga Stamatis a zaune kan kujera, ga Kalliopi ta sunkuyo ta kafa baki a kunnensa tana raɗa. Shi kuwa baki a buɗe, hawaye na bin kumatunsa shaɓe-shaɓe. Stamatis da bai yi kuka ba ranar da ƙugiya ta huda masa yatsa!

Hawayenta ita ma suka zubo. Ta murɗe zoben daga hannun hagu ta dunƙule shi a tafi. Da farko ta yi niyyar ta jefa shi a teku ta tafi. Sai shaiɗancinta ya motsa. A'a, ba za ta tafi ba sai ta ga yadda zai fito da gudu. Ta cika ƙirji da iska, ta matse hanci, ta saki muryar da ta fi kowace tsorata shi a duniya:

"Stamatiiis! Ɗan banza marar kunya! Nonon da na ba ka ne ka zo ka zubar a gidan mai cewa miyata ruwan... au, a gidan wannan matar?"

Daga ɗaya gefen kwale-kwalen aka ƙwalla ƙara. "Wayyo Maryamu mai tsarki! Muryata ta fita ba tare da ni ba!"

Froso ta zagaya. Ga Kira Marigo a tsugune, da ɗankwali ɗaure tam a goshi, ita ma takalma a hannu. Ashe labarin mai tikiti bai tsaya a tanda ba. Suka tsaya suna kallon juna, kuma yau Kira Marigo ta manta ta yi tofi.

"Ke ce? Haka nake magana?"

"Kira Marigo, ki gafarce ni..."

"Bari wannan tukuna. Kin ga abin da na gani?"

"Na gani."

"Kin ga? Ke ma idonki bai hana a ƙwace miki shi ba. Tashi mu je!"

Ba su kai ƙofa ba ta buɗe. Stamatis ya fito a firgice har yana tuntuɓe da tukunyar fure, Kalliopi na biye da shi, kofin ruwa a hannu ɗaya, kwalbar a ɗaya. Man zaitun ne.

Froso ta miƙa masa zoben. "Ungo. Ga tarunka nan da kake gyarawa, na gani."

"Froso, wallahi ba haka..."

"Kuka fa kake yi mata! Ni ka taɓa yi mini kuka?"

Kalliopi ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ta fashe da dariya har ruwan kofin na zuba. "Kuka? Hamma ce, 'yar nan! Yau ne kawai addu'ar ta zauna masa, shi ya sa take matse shi, don duk mai karanta ta daidai sai ya yi hamma har da hawaye. Marigo, ke da kika tsufa a garin nan, kin ga ruwa, kin ga mai, kin ga mutum na hamma, amma ba ki gane ba?"



"Addu'ar cire ido ya zo roƙo," in ji Kalliopi. "Cewa ya yi in koya wa Froso, don ta cire wa uwarsa ciwon kai da hannunta a gaban kowa, a daina cewa idonta mugu ne. Na ce masa ba ta bi daga mace zuwa mace, in aka yi haka ta mutu. Sai ta bi ta bakin namiji, kuma ba a rubuta ta. To ni in ba shi, shi ya ba ta. Amma kan nan nasa, in ba kifi ba babu abin da ke shiga! Kullum in ya kama kai sai wutsiya ta kuɓuce. Na rasa barcin ranata saboda shi, ga sakayyar da na samu, mata biyu ba takalmi a ƙofata."

Froso ta juya ga Stamatis. "To me ya hana ka gaya mini?"

"Ke? Da na gaya miki, da kafin la'asar kin kwaikwayi yadda nake in'ina a gaban tanda, duk gari ya ji. In Mana kuma ta ji gidan da nake zuwa, da ta ƙone jirgina."

"Da na ƙone," in ji Kira Marigo.

Kunya ta rufe Froso har ta rasa inda za ta sa idon nan nata. Mutum yana hana kansa hutu bayan ya kwana a teku, yana haddar abin da ya fi ƙarfinsa saboda ita, ita kuwa tana bayan kwale-kwale tana shirin jefa zobensa a ruwa. Ta rushe da kuka. Ya karɓi zoben, ya mayar mata a yatsa, ya ce a hankali, "Ki daina, kada gishirin teku ya ƙaru."

Kira Marigo ta sa takalmanta. "Ban ce na yarda ba. Kaina dai har yanzu yana sara. Mu gani da yamma."

Da rana ta yi sanyi, jirgin fito ya yi kukansa na tafiya, aka jera tebur a tsakar gidan Kira Marigo ƙarƙashin inabi. Ga gasasshen kifi, ga zaitun, ga cuku. Thia Vangelio ta zo da rigar coci, Kalliopi ma ta zo, ta zauna nesa da tukunyar miya. Babu wanda ya taɓa abinci.

Stamatis ya ja Froso gefe ya raɗa mata addu'ar yana gumi. Sau ɗaya ta ji ta ce, "Shi ke nan? Wannan ce ta hana ka barci?"

Ta tsaya a gaban surukarta da kofin ruwa. Ta san in abin bai yi ba, babu rana, babu aure. Ta yi alamar gicciye a kan kofin, leɓɓanta na motsi ba sauti. Ta tsoma ɗan yatsa a mai ta ɗiga. Kowa ya miƙo wuya. Ɗigon ya faɗa, ya baje, ya ɓace a cikin ruwan.

"Akwai ido!" Thia ta yi ihu. "Babba ma!"

Sai hamma ta kama Froso. Hamma kan hamma, har muƙamuƙinta na ƙara, hawaye na zuba. Ko ta gaske ce, ko irin ta Stamatis ce ta gani ta taga ta gyara mata zama, ni dai ba zan rantse ba. Abin da na sani, Kira Marigo ta kurɓi ruwan, aka shafa mata a goshi. Can ta kwance ɗankwalin. Ta juya kai dama, ta juya hagu.

"Ya tafi," ta ce da ƙaramar murya.

Ta ɗago ta kalli Froso cikin ido, kallon da ba ta taɓa yi ba. "Na tofa miki, na kore ki daga kajina, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ki ɗaga tawa." Ta jawo ta ta rungume. "Bayan an gama tsinkar zaitun za a yi bikin. Daga yau Mana za ki ce."

Haka haƙurin Froso ya biya ta, haka kuma zarginta na yini ɗaya ya kusa cinye abin da ta daɗe tana haƙuri a kansa. 'Yan'uwana 'yan mata, ku riƙe wannan: launin ido ba ya rushe gida, zargi ne ke rushe shi. In an kawo miki magana a kan wanda kike so, ki tambaye shi da bakinki kafin ki cire takalmi ki bi bayansa.

Ana tsakar cin kifi Thia Vangelio, wadda ba ta iya barin magana ta kwanta, ta ajiye ƙaya ta ce, "To amma Marigo, in ba idon 'yata ba ne, idon wa ya kama ki?"

Kira Marigo ta gyara gashinta, ta yi ajiyar zuciya.

"Na yi tunani, nawa ne. Tun da na sayi sabon madubin nan, kullum da safe sai na ce, kai Marigo, har yanzu babu kamarki a garin nan. Kuma ban taɓa tofa wa kaina ba."