Mai Renon Matar Direba

Ranar da abin ya fara, matar direba tana kwashe shanya, rana ta yi ja, gida shiru. Mijinta ya ɗauki makullin mota zai fita lodin yamma. Yana kai hannu ƙofa, sakata ta faɗa da kanta. Sai dutse a kan kwanon rufi. Sai wani.

Dama ita ba ta iya kallon bayansa in zai fita. Takan ɓoye masa takalmi, ta kira shi sau ashirin kafin azahar, in ya makara ta zauna bakin ƙofa ba ci ba sha. A da dariya yake yi, ya ce so ne. Yanzu kwana shida ke nan, da zarar ya nufi fita sai jifa, mai motar kuma ya aiko cewa gobe zai ba wani.

Yayarsa ce ta kawo malam gab da magariba. Bai yi nisa da karatu ba matar ta zube, murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, a gajiye.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai renonta. Tana shekara biyar uwarta ta ajiye ta ƙofar gidan mutane, ta ce za ta sayo sabulu. Yarinya ta kwana uku tana kallon hanya. Ina kuke lokacin, malam? Ni na zauna da ita."

"To me ya kawo jifa?"

"Duk wanda ya juya mata baya, ba na jira in ga ko zai dawo."

Direba ya durƙusa. "Baiwar Allah, abinci nake nemo mana."

"Uwarta ma sabulu ta je saye."

Malam ya ce sai ta fita. Ta roƙi shekara, ya hana. Ta roƙi wata, ya hana.

"To a yi min abu ɗaya," in ji ta. "Kada a ce mata ni na so tafiya. A ce korata aka yi."

Malam ya yarda. Matar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido ta dubi kusurwar ɗaki, ta daɗe.

"Ita ma ta tafi ko?"

Direba ya matso kusa da ita. Ta damƙe gefen rigarsa da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Gobe ka je aikinka," ta ce. "Amma ka bari sai na shiga wanka."