Gammon Mai Ɗingishi

A can wani ƙauye an yi wata yarinya mai ɗingishi. Rijiyarsu da nisa, kullum sai ta ɗora gammo, ta ɗora tulu, ta sheƙo gida a guje.

Ran nan aka sa tsere, wanda ya ci a ba shi jaki. Ta shiga, ana ta dariya. Da aka tashi sai ta ji kanta sakayau babu kaya, ƙafa ta rikice, kowa ya wuce ta.

Uwarta ta wurgo mata gammo, ta ce, "Ɗora, 'yata, ruwa za ki kai gida."

Ta ɗora. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta wuce kowa!

Yanzu jaki ke ɗaukar tulun. Ita kuwa tana gaba a guje, tana waiwayensa tana cewa, "Kai, ɗaga ƙafa mana."